Jikin Kwamfuta Da Sauƙi

Duk wanda ya zauna a Karaye a shekarar 1997 bai san Injiniya Gwadabe ba, to a bakin tasha ya tsaya. Shi ne bawan Allahn da ya tafi Kano ya yi sati biyu cur yana nazarin na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya dawo da takardar shaida da kuma tabarau wanda idonsa bai nema ba. Masoyansa suna kiransa Likitan Kwamfuta. Waɗanda suka fi son sa suna cewa Sati-Biyu.

Da ƙungiyar manomanmu ta sami kyautar kwamfuta, shi aka damƙa wa. Abin da ya fara yi mata shi ne sutura. Ya sa aka ɗinka mata rigar shadda mai kauri, har da aiki a wuya, ta rufe ta gaba da baya, fuska kaɗai aka bari. "Abu mai daraja ba ya zama tsirara a gaban jama'a," in ji shi. Barira kuwa, wadda ta shekara ashirin tana buga wa ƙungiya tafireta, aka mayar da teburinta kusa da randa.

A cikin wannan na'ura aka zuba sunayen manoman Zoza da Fulatan da Rogo Ruma da za a ba sabon irin gyaɗa. Sharaɗin shi ne jerin sunayen ya isa Kano kafin ƙarshen wata, ko motar iri ta wuce wani gari. Shugaban ƙungiya, Bappa Muntaka, ya faɗa wa Injiniya ƙarara cewa kujerarsa a jikin wannan jeri take rataye.

Sai kwamfuta ta tsiri nawa. Da sassafe garau take. Hantsi na dubawa, sai a danna harafi, a fita a gaisa da mai goro, a dawo bai bayyana ba. Kafin azahar ta tsaya cak. Injiniya ya kwantar wa jama'a da hankali. "Tunani take yi. Mai zurfin ilimi ba ya gaggawar magana."

Kamfanin da ya kawo ta ya aiko da takardar tambayoyi, a cika daidai yadda aka gani, domin su san ciwon kafin su taso. A nan ne tarbiyyar Injiniya ta fito fili. Ɗan gidan mutunci ne, irin waɗanda ko a gadon asibiti aka gaishe su ba sa cewa komai sai godiya. Na karanta kwafin amsoshinsa da idona, ba wani ne ya karanta mini ba.

Aka ce, tana ɗaukar zafi? Ya rubuta, "Da sauƙi." Minti nawa take yi kafin ta buɗe? "Komai da lokacinsa." Ana jin ƙarar fankarta? "Ba ta da hayaniya, Alhamdulillahi." Aka ce ya kwafo saƙon da take nunawa idan ta tsaya, harafi bayan harafi. Ya rubuta, "Wannan magana ce ta cikin gida."

Barira ta leƙo daga lungunta. "Ranka ya daɗe, ni fa duk abin da take yi na rubuta shi a bayan tsohuwar kalanda, har da lokacinsa. Jiya na taɓa ƙeyarta, wallahi ko ƙwai ka fasa sai ya soyu. A haɗa musu da shi mana."

"Malama Barira, tafireta ba ta da asiri, shi ya sa ba ki san rufinsa ba. Ni zan kai ƙarar na'urata wurin baƙi, a ce mutanen Karaye ba su iya riƙo ba?"

Bayan kwana tara amsa ta iso, layi biyu. Sun yi murna da jin na'ura tana cikin ƙoshin lafiya, ba su ga dalilin zuwa ba, suna gaida Injiniya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saura kwana biyu wata ya ƙare, Bappa Muntaka ya naɗe kalandar Barira ya tafi Kano da kansa, ya dawo da mai gyara. Mutumin ya riga ya karance kalandar a mota. Yana shiga ya yi sallama, ya tuɓe wa na'ura riga a gaban kowa, ya zare zaren shadda da ya naɗe fankar, ya bar ta ta sha iska. Kafin a kira la'asar sunaye sun fito a takarda.

"Dama abin da nake shirin yi ke nan," in ji Injiniya.

Iri ya iso, aka yi shuka a kan kari. Aka dawo da teburin Barira gaban kwamfuta. Shi kuma Injiniya aka sallame shi cikin mutunci, aka ninke masa rigar ya tafi da ita, tun da shi ya zaɓi launin.

Da damina ta yi nisa na gamu da shi a kasuwar Rogo. Bayan mun gaisa na ce, "Injiniya, yaya aiki?" Ya gyara zaman tabarau ya ce, "Da sauƙi."

Tun da na san ma'anar kalmar a bakinsa, sai na yi masa ta'aziyya.