Yadda Na Tona Asirin Fanka

Tun da wasu samari suka fara kiɗa a wani ɗan zauren taro a Tudun Wada nake harararsu. Gurmi da jitar lantarki da ganguna, a ce sauti ya fita tsaf haka? Jama'a na ta ihu suna liƙi, ni kuwa na harɗe hannu. Shekara ashirin ina gyaran rediyo, ba a yi mini wayo.

Na raɗa wa abokina Sale, "Kaset ne. Baki kawai suke motsawa."

Ya ce, "Don Allah ka zauna lafiya."

Ina! Na riga na hango wata baƙar waya ta bi ta bayan labule. Na ratsa mutane, na ce, "Jama'a, yau ƙarya ta ƙare!" Na fizge ta daga soket.

Gurmi ko gezau. Abin da ya tsaya shi ne fanka, ita kaɗai a zauren, ana tsakiyar zafin Minna.

Wata Hajiya ta dube ni tana fifita da mayafi. "Malam, me fankar ta yi maka?"

Har yau, da an ɗauke wuta a unguwarmu, sai matata ta leƙo: "Maigida, kai ne?"