Butar da Tassiou Bai Dafa Shayi a Ciki Ba

Zabeirou bai ko fita daga birnin Greensboro ba hamada ta fara cin mutuncinsa. A saninsa, mai shiga hamada ba ya wasa da ruwa, haka ya koya a hanyar Agadas tun yana saurayi. Don haka ya cika jarka huɗu, ya naɗe kowace da jiƙaƙƙen buhu, ya haɗa da shebur da dabino, ya kuma naɗa rawani. Uku suka shiga bayan mota, ta huɗu ta rasa wuri, ya dasa ta tsakaninsa da matarsa Hafsatu. Suna shiga unguwar Glenwood wata ɗaliba ta gifta a kan keke, ya taka birki, murfi ya yi tsalle, rabin jarkar ya ƙare a cinyarsa.

Haka ya isa ƙofar Fassouma, ɗiyar kawunsa, wando na ɗiga. Wata bakwai ke nan da rasuwar mijinta Tassiou. Ta fita takaba tuntuni, amma ƙafarta ba ta sake taka bakin titi ba. Mata sun yi lallashi sun gaji, liman ya yi nasiha ya tafi. Saura taubashi, wanda zai faɗa mata baƙar magana kuma al'ada ta hana ta fushi.

"Sannu, Fassouma. Ya ƙarin haƙuri?" in ji Zabeirou.

"Da godiya," in ji Fassouma. Ta dube shi daga rawani har takalmi, idonta ya tsaya a tsakiya. "Zabeirou, tun daga nan? Ko hamadar ba ka hango ba, har tsoro ya yi maka wannan aiki?"

"Ruwa ne."

"Kowa haka yake cewa."

"Ruwan jarka ne. Ga Hafsatu can cikin mota, tambaye ta."

"Hafsatu shekara ashirin tana rufa maka asiri, ba yau za ta tona ba. Rawanin fa? Sarautar wace unguwa aka ba ka?"

"Shirin hamada ne. Ke me kika sani game da tafiya? Dogondutse ce iyakar duniyarki, jirgi ne ya yi kuskure ya ɗauko ki."

Ta leƙa motar ta saman kafaɗarsa. "Har da shebur? Ƙasar da ba ka tafiyar awa guda ba ka ga gidan mai da ƙanƙara ba? Rijiya za ka haƙa wa Turawa?"

"Ranar da yashi ya riƙe taya za ki nemi gafarata. Ɗauko jakarki. Kwana uku muna hanya, na huɗu kina tsakiyar jajayen duwatsu."

"Na faɗa wa Hafsatu a waya, ba ni zuwa."

"Ai ba shawara na zo yi ba. Yaushe ubangida ya fara shawara da baiwarsa?"

"Wane ne ubangidan? Ubana namiji, uwarka ƙanwarsa. Kai bawana ne tun kafin a yanke maka cibi."

"Bawan da ya sauko da ke daga dutsen bayan gidanku, kina kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta?"

"Wa ya hau da ni? Kai ka ce akwai kanya a sama."

"Kuma akwai."

"Guda biyu. Ka cinye duka, ka ba ni ƙwallon in riƙe maka."

Ta juya ciki ba ta rufe ƙofa ba. Zabeirou ya ɗauki wannan a matsayin izini, ya bi ta har kicin, yana barin sawu a bayansa.

Hoton yana nan a jikin firij inda ya san shi, an yanko shi daga wata tsohuwar kalanda, gefensa ya naɗe. Wani kwari ne can yammacin wannan ƙasar ta Turawa, ƙasa ja, duwatsu jajaye tsaye ɗai-ɗai, hanya guda siririya ta ratsa tsakaninsu. Tassiou ne ya liƙa shi. Ya kan ce duwatsun Dogondutse ne sak, sai dai waɗannan sun fi samun abinci. A saman firij ɗin kuma ga 'yar butar shayi shuɗiya a kwalinta, wadda ya saya musamman don ranar da za su je. Ko ruwa ba a taɓa zuba mata ba.

"Ka jiƙa min daɓe," in ji Fassouma, ba ta dube shi ba.

"Na wanke miki ne. Yaushe rabonsa da ruwa?"

Ba ta rama ba. Wannan ne ya tayar masa da hankali, don tun suna yara bai taɓa jefa mata magana ta faɗi ƙasa ba.

"Shekara goma sha ɗaya yana cewa baɗi," ta ce a hankali. "Baɗi in an ba shi hutu, baɗi in an gyara mota. Yanzu in je ni kaɗai in tsaya a wurin? In na ga abu ya yi kyau, wa zan juya in ce wa dubi?"

Zabeirou ya dubi hoton. Akwai maganar da yake riƙe da ita wata bakwai. Da farko ya ce sai ta fita takaba, daga baya kuma ya gane tsoro yake kada ya fara faɗa muryarsa ta ba shi kunya a gaban Fassouma, ta samu abin yi masa gori har ƙarshen rayuwa. Ya gyara rawani, ya kafa ido a kan butar.

"Ki juya ki ce min. Ni aka bar wa aikin."

"Wa ya bar maka?"

"Mai butar. A asibiti, ranar da kika sauka nemo masa ruwan zafi, ya kama hannuna ya ce abu biyu. Na farko, ka kai ta ta ga duwatsun nan."

"Ƙarya kake, Zabeirou. Bakinka ko gaisuwa ya yi sai an bincika."

"Na biyu, ya ce don Allah kada in kuskura in dafa shayi a butarsa. Wai nawa kamar an wanke kwano an zuba sukari."

Fassouma ta tsaya cak. Sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke fitowa tare da hawaye, ta sa bakin mayafi ta tare duka biyun.

"Wannan kam shi ne. Ba za ka ƙirƙiro zagin kanka ba, ba ka da wannan kirkin."

"Shayina har daga garin McLeansville ake zuwa sha."

"Ana zuwa dai a gani, don a ba da labari."

Ta miƙa hannu saman firij, tsawonta bai kai ba. Ya matso zai taimaka, ta doke masa hannu, ta jawo kujera ta hau, ta sauko da kwalin da kanta. Ta ɓamɓare hoton ma, ta ninke shi ta sa ciki. Haɗa jaka bai ɗauke ta minti goma ba. Da ta fito ya karɓi jakar, ya ji nauyinta, ya gane ba yau aka haɗa ta ba. Ya saɓa ta a kafaɗa.

A bakin ƙofa ta tsaya. Rana ta fito sosai, motar bas ta wuce, wani maƙwabci ya ɗaga mata hannu daga barandarsa. Zabeirou ya tsaya gefe da jakar yana jira. Ta rungume kwalin a ƙirji, ta taka matakala ta farko, ta biyu, ta sauka har bakin titi.

Hafsatu ta riga ta koma baya ta bar mata gaba. Zabeirou ya ruga ya buɗe ƙofa, ya rusuna har rawanin ya kusa faɗuwa, yana dariya.

"Na yarda, ranki ya daɗe, yau ni ne bawan. Amma ki amsa gaskiya guda: da ban ɗauko jarkokin nan ba, da wane ruwa za ki dafa shayin?"

Fassouma ta zauna, ta ɗora butar a cinya, ta ja bel.

"Ja mota. In mun isa ni zan dafa, kai kuma ka tsaya can nesa a rana. Shekara goma sha ɗaya duwatsun nan na jirana, ba za su fara ganina da mai jiƙaƙƙen wando ba."