Jatau Mai Kula da Solar Kasuwa

A ƙauyensu in aka ambaci Jatau sai a ce, "Allah sarki." Ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa, amma fa abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Ladingo sau biyu tana haihuwa a ƙauye, jariran suna komawa kafin a kai asibiti. Da ta sami ciki na uku sai ta ce a birni za ta haihu. Kawunta Alhaji Barau, Sarkin Kasuwa, ya sama wa Jatau aiki, har da ɗaki kusa da asibiti. Lokacin 'yan kasuwa sun gaji da hayaƙin janareta, sun shimfiɗa faifan sola a rufin rumfuna, shi ne aka ba Jatau ya kula. In aikin ya tafi, ɗakin ma ya tafi.

Wata rana Injiniya Hassu, wadda ta haɗa kayan, ta ce masa, "Malam Jatau, kada ka bari inuwa ta sauka kan faifan nan." Da la'asar sai ga inuwar hasumiyar masallaci ta miƙo. Jatau ya sauko, ya sami liman yana alwala, ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, don Allah a ɗan matsar da hasumiya."

"A matsar da me?"

"Ko kaɗan ne. Ni ma zan kama muku."

Liman ya yi dariya har buta ta kife. Alhaji Barau kuwa bai ga abin dariya ba.

Wata rana kuma Hassu ta ce, "Ƙura tana rage wuta. Ka wanke su tas, yadda ake wanke kwanuka a gida." To, a gidan su Jatau in an wanke kwano kife shi ake yi ya tsane. Gogan naka ya ari sifana, ya kwance faifan, ya wanke, ya kife su reras. Rana ƙwal, wuta babu! Ƙanƙarar masu zoɓo ta narke, mai aski ya bar kan mutum rabi da rabi.

Alhaji Barau ya ce, "Kai Jatau, albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko. Ka ƙara ko ɗaya, ku koma ƙauye."

Hankalin Jatau ya tashi ƙwarai, don Ladingo ta shiga watanta.

Hassu ta kai shi ɗakin batura, wanda ke manne da rumfunan atamfa da katifa, ta ce, "In ka taɓa ɗaya ka ji zafi, ka ba shi iska." Fankar bango take nufi.

Wata rana gab da Sallah, kasuwa ba masaka tsinke, Jatau ya taɓa wani batir ya ji shi rau kamar mai zazzaɓi. A ƙauyensu kuwa mai zazzaɓi waje ake fitar da shi. Ya kashe makunni, ya cire wayoyi, ya ɗora batir a baro, ya tura shi har filin bayan kasuwa. Ya zauna yana yi masa fifita yana cewa, "Sannu."

Kekunan teloli suka tsaya cak, ga ɗinkin Sallah jibge. Sai ga Alhaji Barau da Hassu, jama'a na biye.

Alhaji ya ce, "Shi ke nan! Yau dai ka..."

Bai rufe baki ba batir ya fara hayaƙi. Hassu ta fizgo Jatau, kowa ya ranta a na kare. Wuta ta tashi ta cinye batir da baro. Jama'a suka juya suna kallon rumfunan katifa.

Hassu ta ce, "Wallahi da a ciki ya kama, fankar nan hura wutar za ta yi."

Jatau ya durƙusa, idonsa cike da ƙwalla. "Kawu, iskar ce ta yi masa yawa? Ni a kore ni, amma a bar Ladingo ta haihu tukuna."

Alhaji ya dafa shi. "Tashi. Ba inda za ka, kana nan."

Aka watse, Jatau yana nan tsaye gefen toka. Can wata maƙwabciyarsu ta zo a guje ta ce Ladingo ta sauka a asibiti, mace, lafiya lau, tana ta tsala kuka.

Jatau ya share hawaye ya ce, "Ki yi mata barka. Kawu ya ce ina nan."

Sai da Alhaji Barau ya dawo da kansa, ya kama hannunsa ya kai shi ya ga 'yarsa.