Yadda Ake Tara Kuɗin Wasan Kwamfuta a Yakasai Ba Tare da An Tsallake Kowa Ba

Bi matakan nan, wasanka zai fito, dangi kuma za su yaba. Wannan tabbas ne. An gwada su a kan Nazeer, ɗan Yakasai, wanda ya karanto kwamfuta ya dawo ya ce shi wasa zai ƙirƙira. Yayan mahaifinsa, Baba Ɗalha, mai rumfar robobi a Ƙofar Wambai, ya ba shi wa'adi: ko wasan ya fito kafin babbar Sallah ya gani ya gamsu, ko Nazeer ya zo rumfa ya zauna sayar da bokiti. Nazeer kuwa gara masa zazzaɓi da zaman rumfar nan.

Mataki na 1: Samo labarin wasa

Kada ka wahalar da kanka da dodanni. Leƙa waje. Nazeer ya leƙa, ya ga mai baro ya lodo kaya yana keta lungu. Shi ke nan: ka turo baro a guje daga Yakasai zuwa Wambai, ka kauce wa akuya, ka tsallake kwata, ka isa kafin a tashi kasuwa. Wasan gudu ne.

Mataki na 2: Zaɓi inji, kada ka karanta sharuɗɗa

Injin wasa manhaja ce da wani kamfani ya gina, kai kuma ka ɗora naka aikin a kai, kamar mai kafa rumfa a filin wani. Lasisinsa iri biyu ne. Akwai na kyauta, amma duk wanda ya kunna wasanka sunan kamfanin zai fara gani. Akwai na kuɗi, ka biya a cire sunan. Ɗauki na kyauta. Sharuɗɗan suna da tsawo, gangara ƙasa ka danna ka yarda. Wanda ya rubuta su ma bai kai ƙarshe ba.

Mataki na 3: Buɗe shafin neman gudummawa

Sa hotonka kana kallon nesa, sannan ka jira mutanen duniya. Nazeer ya jira. Wata Baturiya ta leƙo, ta tambaya ko akuyar tana jin ciwo, ta tafi.

Sai ka tura shafin a zauren dangi na waya. Can alherin yake, ko da yake ba duka ke zuwa ta banki ba. Gwaggo Luba, ƙanwar Baba Ɗalha, ta iso da turmin atamfa a kai.

"Gwaggo, ta waya ake turawa."

"To tura. Ga ta nan."

"Atamfa ba ta shiga waya, Gwaggo."

"Kai da aka ce ka yi karatu a waje?"

Karɓi atamfar.

Mataki na 4: Yi alƙawarin tukwici

A wannan harka sai an yi wa masu bayarwa alƙawarin wani abu. Zaɓi wanda ba ya cin ko sisi. Nazeer ya rubuta cewa duk wanda ya bayar za a zana shi a cikin wasan. Unguwa ta ɗauka. Har Garba mai shayi ya bayar, da sharaɗin a zana shi da haƙoransa na da.

Za ka tambaya, ina za a ajiye jama'a a wasan da ba komai cikinsa sai lungu? A lungun. Kwashe awaki, sa dangi a gurbinsu. Mai hikima ba ya yin aiki biyu.

Mataki na 5: Nuna gwaji a zaure

Tara kowa. Nazeer ya tara, ya kunna. Mai baro ya taho a guje, ya tarar da Baba Ɗalha zaune a kan tabarma, ya yi sama ya tsallake shi. Wasan ya ba da maki, har da 'yar ƙararrawa.



"Sake yi mu gani," in ji Baba.

Ya sake.

"Wancan mai hular, ni ne?"

"Zane ne, Baba."

"Zanen wa?"

"Naka."

"Shi wannan mai baron ɗan gidan uban waye? Ba shi da manya?"

"Ni ko sannu bai ce min ba," in ji Gwaggo Luba. "Da takalminsa ya wuce ni, yana ƙura min ido."

Kada ka yi bayani. Bayani a gaban babba rashin kunya ne mai tsawo.

Mataki na 6: Saurari ra'ayin masu zuba jari

Cire maɓallin tsalle, sa na durƙuso. Yanzu mai baro zai taho, ya hango babba, ya ajiye baro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. An tashi lafiya, ya iyali, ya mai jiki, ya muka ji da zafi. In ka gaggauta, wasan ya mayar da kai farko. Gwaggo Luba ta nemi a ƙara mata: in an gama gaishe ta, tana da saƙo da za a kai Madabo.

Agogon da ke ƙirga lokaci ma cire shi. Ba a sa wa dattijo agogo.

Mataki na 7: Koma kan lasisi

A gwaji na gaba Baba ya lura da abin da ke fara fitowa.

"Wannan sunan wa ne ya riga nawa?"

"Kamfanin inji ne, Baba."

"Me ya bayar?"

"Bai bayar ba. Nasu ne dai injin."

"Ya girme ni?"

Aka bincika. Nazeer ma ya girmi kamfanin.

Nan ba ka da zaɓi. Kwashe duk abin da aka tara, haɗa da kuɗin atamfa, ka sayi lasisi na kuɗi. Ba za a samu na kiɗa ba, amma Gwaggo tana guɗa kyauta.

Mataki na 8: Fitar da wasa

Ranar jajibere Nazeer ya miƙa wa Baba waya da hannu biyu. Sunan Baba ya fara fitowa. Mai baro ya durƙusa a gabansa, ya gaishe shi, ya tashi, ya yi taku kaɗan, ya sake durƙusawa ga na gaba. Bai kai Wambai ba. Har yau ba wanda ya taɓa kaiwa.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya share ido da bakin riga.

"Na gamsu."

Nazeer ya sauke ajiyar zuciya.

"Ashe haka ka iya gaisuwa, ka ɓoye mana? Yaran rumfata, mai saye zai tsaya a kansu suna danna waya. Mai irin wannan ladabi ba a barinsa a ɗaki. Bayan Sallah ka zo ka kama aiki."

"Baba, ai ka ce in ka gamsu..."

"Na ce. A da, zuwanka horo ne. Yanzu lada ce. Ka yi godiya."

Ya durƙusa ya yi godiya. Ya riga ya ƙware.

Sanarwa

Abin da aka yi alƙawari ya cika. Duk abin da ya biyo baya, daga ciwon gwiwa zuwa sauyin sana'a, ba ruwan mai wannan rubutu. Wanda bai gane wani mataki ba ya samu Nazeer a Wambai, layin 'yan robobi. Ka je da wuri, ka kuma ware lokaci, gaisuwar tana da tsawo.