Murfi Biyar na Ciyaman Sodangi

"Ni da kaina zan kawo burtsatsen nan, ko da a kaina zan ɗauko shi daga Katsina! Ku dai ku tanadi bokitai."

Sodangi ke nan a taron gari, ciyaman na kwamitin tsafta na Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye da garin Dutsin-Ma ya kusa haɗiyewa ta wajen hanyar Kurfi. In ba ka san shi ba, ba ka yi asarar komai ba, amma bari in kwatanta maka shi. Gajere ne mai tumbi, da biro uku a aljihun gaba, kuma babu mai tawada a cikinsu. Ya taɓa yin wata huɗu yana shara a wani kemis a cikin gari. Tun daga nan ko tuntuɓe ka ce ka yi, sai ya kama tsintsiyar hannunka yana duba agogo. Mutane na kiransa Ministan Lafiya don tsokana, shi kuwa gogan naka da gaske yake amsawa.

Abin da ya kawo wannan cika baki ba abin dariya ba ne. Unguwar Marke ba ta da ruwa. Da rani ya kama, rijiyar gari ta ƙafe, sai mata su yi tafiyar awa guda zuwa rafi su tone yashi, su jira ruwa ya taru kwano-kwano. Sai ga wata ƙungiya ta ce za ta haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, amma guda ɗaya tal, tsakanin Unguwar Marke da wani ƙauye a ƙasar Kurfi. Sharaɗin kuwa shi ne kowane gida ya mallaki masai, a daina zagayawa bayan gari. Aka ba su wata biyu, sannan dubagari ta zo ta bi gida-gida, wanda ya ci ya ɗauka.

Gwaggo Tani, ungozomar garin, wadda rabin mutanen da ke wurin taron a hannunta suka faɗo duniya, ta ce ta ƙirga gidaje ashirin da takwas da ba su da masai.

"A yi gayya," in ji ta. "Kullum majiya ƙarfi su haƙa rami guda, mu mata mu dama fura. Kafin wata biyu an gama, har da hutu."

Sodangi ya yi wata dariya ta manyan ma'aikata, ya gyara biro.

"Gwaggo, ke dai tsaya ga yanke cibiya. Wagga harka ta masu ilimi ce. Dubagari da ido take zuwa, ba da diga ba. Abin da ta gani shi take rubutawa."

Haka aka watse. Wata biyun nan Minista bai zauna ba. Ya sa an yanka masa hatimi, ya auna inda za a kafa allon da zai ɗauki sunansa, ya canja wurin sau uku, ya kai ɗinkin farar babbar riga. Rami kuwa ko na gyare ba a haƙa ba. Sai da ya rage kwana shida sannan ya fito da dabararsa, yana ta murmushi shi kaɗai.

Ya sa an zuba murfin siminti guda biyar, irin faffaɗan nan mai huda a tsakiya da ake ɗorawa a bakin ramin masai. A gidajen nan ashirin da takwas kuwa, aka kewaye kusurwa da zana, aka tone ƙasa taƙi guda, aka barbaɗa garin gawayi don in an leƙa a ga duhu. Sannan ya kira Jibo mai amalanke da ƙannensa biyu, ƙarti masu ƙirar samudawa.

"Ga takarda, na jera gidajen da kaina. Da mun fito daga gida, ku ɗauke murfin, ku bi ta lungu ku kai gida na gaba. Murfi biyar, gida ashirin da takwas. Wanga shi ake kira lissafi."

"To in ta gane fa, Ciyaman?"

"Mace ce fa, Jibo. Toshe hanci za ta yi daga nesa ta ce ya yi."

Ranar Talata da hantsi mota ta ajiye Malama Batula. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, da hijabi ruwan toka da takalmin roba, a hannu ɗaya takardu, a ɗayan wata siririyar sanda da ta fi ta tsawo. Sodangi ya dubi sandar nan, ya kau da kai. Ya tare ta cikin sabuwar riga, ya yi jawabin minti ashirin wanda kalmar "ni" ta cinye rabinsa.

Da gangan ya fara da gidan Gwaggo Tani, don nata masan na gaske ne. Ga toka a kwano, ga buta, ga guntun sabulu a rataye. Malama Batula ta zura sanda, sanda ta tafi. Ta rubuta.

"Tsarina ne," in ji Sodangi. "Ni na koya mata."

Gwaggo Tani ta bi shi da harara.

A gida na huɗu aka shiga yankin lissafi. Malama Batula ta tsaya tun daga tsakar gida tana kallon ƙasa.

"Ciyaman, mutanen gidan nan tashi sama suke yi in za su zagaya? Ban ga sawu ba. Ga saƙar gizo ma a bakin ƙofar."

"Tsafta ce, Malama! Duk wanda ya fito sai ya share sawunsa. Doka ce na kafa."

"Gizon ma doka ce?"

"Maganin ƙuda ne. Kiwonsa muke yi."

Ta leƙa ciki. A gefen murfin akwai sawun kaza guda uku, don ranar da aka zuba simintin wata kaza ta bi ta kai kafin ya bushe. Ta daɗe tana kallonsa, ta yi ɗan rubutu, suka fita. Gogan naka ya waiga ya kashe wa jama'a ido.

A gida na tara, ga sawun kaza. A gida na goma sha huɗu, ga shi kuma, har da ɗan ɓallin da ke gefe.

"Kazar garinku akwai himma," in ji Malama Batula. "Gida uku ke nan tana riga ni shiga."

"Tambarin kamfani ne, Malama. Duk murfin da bai da shi jabu ne."

Sai ta ɗaga sandar nan ta zura a hudar. Ko taƙi biyu ba ta shiga ba, ta ce ƙwas, ta tsaya. Ta zaro ta, bakinta duk gawayi. Zufa ta fara bin wuyan sabuwar riga.

"Sabon salo ne," in ji Sodangi. "Ramin a kwance yake tahiya. Ta gefe."

Bai rufe baki ba sai ga mai gidan, tsoho Malam Almu, ya fito yana jan akuya. Kunnensa ya yi nauyi, saboda haka in zai yi magana sai an ji shi a ƙarshen gari.

"Sodangi! Yaushe za ku ɗauke abinku? Ka ce kahin azahar! Nan ne hwa nake ɗaure akuyata, tun safe tana rana!"

Wasu suka toshe baki, wasu suka juya baya kafaɗu na rawa. Ana cikin haka Jibo ya leƙo ta kan katanga yana yafuto ciyaman. Sodangi ya ce a yi masa uzuri, ya zagaya.

"Ciyaman, an samu matsala. Sa ya tsorata da babur, amalanke ta kife. Murfi biyu sun dare."

"To mi kake so in yi maka? In zama murfin? Tahi ka nemo wani, ko a ina ne, ko na waye! Kada ka dawo mani da surutu!"

Jibo mutum ne mai bin umarni. Ya duba, gidan da ya fi kusa mai masan gaske shi ne na ciyaman kansa. Ya yi sallama ba kowa, don Murja matar Sodangi tun asuba ta tafi rafi. Shi da ƙannensa suka ciccibi murfin suka ɗora a amalanke. Da ya ga bakin rami a buɗe, ga wari na tashi, sai ya ɗauko wata tabarma ya shimfiɗa a kai, ya danne kusurwoyinta da duwatsu, ya ja ƙyauren langalanga.

Kafin nan Malama Batula ta riga ta naɗe takardar jerin gidajen da Sodangi ya ba ta da safe ta miƙa masa.

"Ya isa haka, Ciyaman. Ba sai mun wahalar da shanu ba, tun ɗazu nake jin ƙarar amalanke tana bin mu ta lungu. Ka san cutar da ke kwantar da yaran garin nan duk damina daga bayan gari take shigowa? Wata biyu aka ba ku."

Matan da ke biye suka daina dariya, don sun fahimci abin da ke shirin kuɓuce musu. Wani mai hankali da a nan zai sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, ya roƙi ƙarin sati biyu. Amma Sodangi ba a haife shi don irin wannan ba. Ya buga ƙirji.

"Malama, kada ki yanke hukunci sai kin ga gidan shugaba! Zo ki ga masai na zamani, wanda ko a Katsina sai gidan wane da wane. Daga shi za ki san irin mutanen da kike magana da su."

Ya shige gaba, riga na jan ƙasa, jama'a na biye. A ƙofar gida suka yi kiciɓis da Jibo, wanda ya ga inda aka nufa, idanunsa suka fito.

"Ciyaman, tsaya, akwai wata magana..."

"Ba a katse shugaba gaban baƙi!"

"Wallahi Ciyaman, murfin nan..."

"Jibo, in ka ƙara cewa murfi, na cire ka daga kwamiti!"

Jibo, wanda bai taɓa sanin yana cikin kwamiti ba, ya ja bakinsa ya koma gefe.

Sodangi ya tura ƙyauren. Ya ga tabarma shimfiɗe tsaf, har da duwatsu a kusurwa. Ransa ya yi fari, ya ɗauka Murja ce ta yi wa baƙi kwalliya. Ya juyo yana fuskantar jama'a, ya buɗe hannuwa, yana ja da baya.

"Kin gani, Malama? Mu nan har tabarma muke shimfiɗawa! Ni Sodangi, in na ce tsafta..."

Bai kai ƙarshe ba. Tabarma ta naɗe shi, aka ji wata ƙara mai kauri wadda ba zan kwatanta maka ba don wataƙila kana cin abinci. Hula ce kaɗai ta rage a sama. Masan nan shekararsa tara yana aiki, ya kusa cika, shi ya sa Minista bai yi nisa ba, ya tsaya iya ƙirji.

"Innalillahi! Jibo! Jama'a! Ku kawo igiya!"

Malama Batula ta matso, ta ja hijabi ta rufe hanci, ta leƙa. Ta ciro biro, nata mai rubutu.

"Wannan kam na gaske ne. Zurfi ya yi, kuma ana amfani da shi. Sai dai babu murfi, Ciyaman, saboda haka shi ma bai ci ba."

Da igiyar shanu aka jawo shi, ƙarti uku na ja suna kau da kai. Kafin ya gama fitowa mota ta tashi ta ɗauki hanyar Kurfi, kowa kuma ya san abin da ta tafi da shi. Mata suka tsaya cirko-cirko, ba mai dariya yanzu. Gwaggo Tani ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni na yi maka wankan farko, Sodangi. Wanga kam ba da ni ba."

Yana tsaye tsakiyar gida, ƙudaje sun yi masa rawani, sai ga Murja ta shigo da jarka a ka, ƙafafu fututu, wuya ya sage. Tun a hanya aka ba ta labari. Ta sauke jarkar a hankali a bakin madafa.

"Yauwa Murja, Allah ya kawo ki! Yi sauri, juyo mani ruwan nan!"

Murja ta zauna a kan jarkar, ta warware gammo tana fifita da shi.

"Wanga na tuwo ne, Ciyaman, awa biyar na yi kansa. Na wanka kuwa, ai ka ce burtsatse na tahe. Tsaya nan ka jira shi."