Kazar da Na Haramta a Gidana

Tun zuwana unguwar Nima daga Kano na kafa doka: ba mai cin soyayyar kazar shagon Turawa a gidana. Amma ƙamshinta ya riƙa bina har cikin barcin rana.

Sai na tsara shiri. Na farko, baƙin tabarau. Na biyu, reshen shagon na can bayan shataletalen Circle, inda na tabbata ba wanda ya san ni.

Ina tsaye gaban hotunan kaji ina lumshe ido, mai sayarwa ta rusuna. Ashe 'yar maƙwabcina ce.

"Baba Alhaji, sannu da zuwa! Hajiyarka na saman bene, ta kusa cinyewa."

Har yau, in Hajiya ta kawo tuwo sai ta ce, "Alhaji, nan za a ci, ko a ƙunshe maka?"