Rasuwar Shafin Ƙungiyar Tsofaffin Masu Raba Wasiƙu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta gama farfaɗowa daga na baya ba, Sakataren Ƙungiyar Tsofaffin Masu Raba Wasiƙu yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar shafin ƙungiyar na intanet.

An haifi marigayin a kan teburin cin abincin gidan Sakatare, a hannun maiɗakinsa, malamar kwamfuta. Kafin haihuwarsa an sha gardama. Shugaba ya so a yi shi kamar jarida, jawabinsa a sama. Ma'aji ya so a yi shi kamar kanti, a riƙa sayar da hula mai tambari. Malama ta saurare su tsaf, sannan ta ce ƙungiya ba jarida ba ce, ba kuma kanti ba. Tsofaffi na son ganin fuskokin juna ne, su san ranar taro, su sami inda za su ce sannu. Haka aka yi shi, da manyan haruffa saboda masu tabarau.

Marigayin mai haƙuri ne. Bai taɓa ƙosawa da mai lalube da yatsa ɗaya ba, kuma ƙofarsa a buɗe take kullum. Ba shi da surutu. In an bar gaisuwa, sai ya ce “ƙil” sau ɗaya, Sakatare ya taso daga tsakar gida da sauri har yana barin takalmi.

Ciwon ajalinsa ya fara ne bayan rasuwar Malama, domin ta tafi da kalmar sirrin shiga, ba wanda ya tuna ya tambaye ta. Hotuna suka fara ƙin buɗewa. Masu tallar magani suka cika akwatin gaisuwa. Sanarwar taron bara ta maƙale a sama, ba mai iya sauke ta. Sakatare ya yi jinya iyakar ƙoƙarinsa, ya kai wa masu gyara, kowa ya duba ya girgiza kai. Duk da haka kowace safiya yakan leƙa, don a can ƙasan shafin akwai layin da ta rubuta da kanta, cewa mai neman bayani ya tuntuɓi maigidanta. Ranar Talata ya leƙa, ya tarar da farin allo.

Shafin ya rasu ya bar tsohuwar kwamfuta mai tari, da katunan ƙungiya masu ɗauke da adireshinsa, da mambobi warwatse a gidajen 'ya'yansu, waɗanda har yanzu ba su san ya mutu ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma a ofishin ƙungiya, inda Sakatare zai goge adireshin daga jikin allon ƙofa. An share ɗakin, an jera kujeru. Ba sai an zo da komai ba. A dai zo.